Yadda Muka Je Kulle Sunan Nomau

Tun da na dawo daga zagayen shagunan Alhaji ba ni da sakat a teburin mai shayin bakin tasha. Wannan ya ce, "Ilu, ya hanya?" Wancan ya ce, "Ilu, da gaske kai ma an ba ka suna a kwamfuta?" In na ce lafiya lau, su ce ban faɗi komai ba. Damina ta wuce ina ƙin ba su labari, kuma ina da dalili. Yanzu dalilin ya kau. Ban yi boko ba, don haka na zauna sau ɗaya na faɗa, ƙanen matata ya rubuta. Wanda ya sake tambayata a miƙa masa.

Alhajin da nake wa tuƙi dillalin taki ne da iri da maganin feshi, da kaka kuma ya sayi masara da waken suya. Babban shago yana Funtuwa. Akwai reshe a Malumfashi, akwai a Dayi, sai ƙaramin sito a wani ƙauyen Maguzawa bayan Gozaki. Kowane shago da kwamfutarsa, kowace kuma zaman kanta take yi. Wanda ya san kalmar sirri ya shiga, ya ga komai, ya canza komai. In taki ya yi ƙafa, ba a san hannun wa ya bi ba.

Sai Alhaji ya ɗauko wani matashi daga Zariya, Injiniya Kabiru. Ya kafa wata babbar na'ura a ɗakin baya, da solarta da fankarta, ya ce sunanta saba. Ya tara mu ya yi bayani. Daga yau sunayen ma'aikata duka a cikinta za su zauna. Mutum ɗaya, suna ɗaya, kalmar sirri ɗaya. Mai sito ya ga sito, kada ya taɓa farashi. Wanda ya bar aiki, daga nan Funtuwa za a rufe masa, ya tarar da ko'ina a rufe. Na gane. Gidan haya ne mai gida ya karɓe makullai, ya ba kowa na ɗakinsa.

Saura a bi rassa a ɗaure kwamfutocinsu da ta Funtuwa. Aka ce ni zan kai shi. Da za mu tashi Alhaji ya ce, "Injiniya, duk sunan da mai shi ba ya bakin aiki, a goge shi." Ya dube ni, ya kawar da kai.

Ni da shi mun san wanda ya faɗo mana a rai. Nomau ne, mai kula da siton bayan Gozaki. Damina biyu da suka wuce ni da shi aka tare a hanya da lodin taki, aka shiga da mu daji. Ni na fito. Shi wata safiya aka kora shi wani sansanin, ban ƙara ganinsa ba. Ba a aiko da gawa ba, ba a aiko da murya ba. Tun lokacin matarsa Kande ke riƙe da siton.

Mun bar Funtuwa da hantsi a tsohuwar a-kori-kura. Yanzu ba mai hankalin da ke sammako a hanyoyinmu, ba kuma mai bari la'asar ta same shi. Kafin Bakori Injiniya ya fara tambaya.

"Baba Ilu, an ce ka taɓa zama a hannunsu."

"An faɗa daidai."

"Me suke ba ku ku ci?"

"Abin da ya rage."

Ya jira ƙari, bai samu ba. Ya koma latsa wayarsa. Yaron ba shi da mugunta, bakinsa ne ba ya zama.

A Malumfashi abin dariya muka tarar. Kalmar sirrin shagon "masara" ce, har mai rake na bakin ƙofa ya sani, shi ya ma faɗa mana kafin manaja ya dawo daga salla. Sannan ma'aikata uku duka Sani. Na'ura ta ce ba ta karɓar suna ɗaya sau biyu. Aka sa Sani Manaja, aka sa Sani Dogo. Na ukun kowa Sani Kwaɗo yake ce masa, ya rantse ba za a kai wannan sunan Funtuwa ba. Aka sa sunan ubansa, wanda a ranar abokan aikinsa suka fara ji.

Dariyar ta tsaya da manaja ya gwada rage farashin buhu na'ura ta ƙi.

"Me take cewa?"

"Ta ce ba ka da izini, Malam Sani. Farashi daga Funtuwa yake fitowa yanzu."

"Tun kana goye nake riƙe da shagon nan. Yau ƙarfe ne zai ce mini ba ni da izini?"

"Ba ni na ce ba, Alhaji ne."

"To Alhaji ya zo ya dubi idon manomin da ya saba da ni, ya ce masa babu ragi."

Bai ƙara yi mana magana ba, amma ya aiko da tuwon shinkafa daga gidansa. A sito muka kwana kan buhuna. Ni na saba da mafi muni. Injiniya ya tashi idanu jajur saboda warin maganin feshi, yana tambayar ko akwai otal a gaba. Na ce akwai, a Zariya.

Dayi bakin titi ce, babura da bas-bas ba sa yankewa, amma a cikin shago sabis ba ya kamawa. Sai da muka ɗaura akwatin sabis a kan gora muka ɗaga shi bisa rufi. Injiniya ya ci ɗanwaken wata tsohuwa da yaji ya fi ƙarfinsa, ya yini yana zarya bayan shago. Tsakanin zarya da zarya ya gano sunan wani da ya bar Alhaji tun bara ya koma wurin wani dillalin. Sunan yana aiki lafiya lau. Ashe mutumin kan biyo ya yi hira, in shago ya yi shiru ya duba farashin Alhaji ya tafi da shi.

Injiniya ya danna wani abu, ya ce, "Shi ke nan, na kashe shi."

Ya sami sunan wani tsohon akawu, ya ce, "Wannan ma na kashe shi."

Haka suke faɗa a sana'arsu, kamar yadda ni nake kashe mota. Ban so kalmar ba. Na yi niyyar ce masa ya bar ta a Dayi, sai na ga cikinsa ya dame shi, na ƙyale.

Muka juyo ta Malumfashi, muka bi ta Kafur. Inda kwalta ta ƙare nan ne iyaka a wurinmu, ko da ba a rubuta ba. 'Yan sintiri sun gitta kututture a hanya. Suka ga laftof da wayoyi da akwatin sabis mai ƙahoni, fuskarsu ta canza.

"Wa kuke kai wa wannan?"

Injiniya ya fara bayanin saba da izini. Da kowace kalma ƙara tsuke fuska suke yi. Ɗaya ya ce a sauke kayan. Sai wani dattijo a cikinsu ya leƙo ta tagata, ya daɗe yana dubana.

"Ku ɗaga musu. Wannan ai shi ne wanda ya dawo."

Sunana ke nan a wannan yankin. Ba mai ce mini Ilu.

Bayan Gozaki rafi ya ciko, muka bar mota a gidan wani mai saye a wurin Alhaji, muka hau babura. Injiniya ya rungume jakarsa kamar jariri. A tsakiyar rafi takalminsa ɗaya ya tafi, da silifas ɗin aro ya ƙarasa.

Ƙauyen su Nomau ba kamar unguwanninmu ba ne. Gidaje a warwatse, kowa a tsakiyar gonarsa. Mata na noma da hauya a fili, su ɗago su gaishe ka ido da ido, su tambayi iyalinka. Injiniya ya rasa inda zai sa idonsa. Uban Nomau, Baba Ciwake, shi ya sauke mu. Tsoho ne busasshe, mai ƙarfin hannu. Sun san abin da Musulmi ke ci da wanda ba ya ci, sun fi wasu Musulmin kiyayewa. Tukwanen giyarsu suna can gefe a rufe. Mu aka kawo mana kunu a sabuwar ƙwarya. Tsohon ya kamo zakara ya miƙo mini da wuƙa, ya ce, "Yanka da hannunka, don baƙonka ya ci da sakin rai." Tuwon dawa ne da miyar karkashi. Ya nuna mana gabas, ya sa aka share wurin.

Bai tambaye ni ɗansa ba. Ya tambaya sau ɗaya lokacin da na fito, na faɗi abin da na sani. Bai sake ba.

Da safe muka je sito. Kande ta riga mu, ta goge sola, ta kunna kwamfuta. Mace ce doguwa marar fara'a, ta ɗan yi firamare a Gozaki, da shi take riƙe da aikin. Baba Ciwake ya zo da hauyarsa a kafaɗa, ya zauna kan wani kifaffen turmi a bakin ƙofa, inda yake hango gilashin kwamfutar. Turmin ya yi santsi saboda zama. Kande ta danna haruffa da yatsa ɗaya, ta danna kalmar sirri, na'ura ta buɗe, wani rubutu ya fito babba a tsakiya. Tsohon ya dube shi, ya yi shirin tashi.

Injiniya ya ce, "Malama, da wane suna kike shiga?"

"Na mai gidan."

"Ya sunansa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Sunan kawai nake tambaya, ba kalmar sirri ba."

Ta dube ni. Injiniya ya juya wurin tsohon. "Baba, ya sunan ɗan naka?"

Tsohon ya dubi ƙasa.

Na ce, "Nomau. Mijinta ne, ba ta faɗa. Ɗan farinsa ne, ba ya faɗa. A gidanku faɗa ake yi?"

Kunya ta kama shi, ya ce a yi haƙuri, tasa uwar ma ba ta kiran sunan babban yayansa. Ya sunkuya kan kwamfutar don ya ɓoye fuska, ya duba, ya ce a hankali kamar mai magana da kansa, "To, shi ne za mu kashe yau."

Kande ta janye hannunta daga kan tebur. Tsohon ya ajiye hauyar.

"Yaro," in ji shi, "waɗanda suka ɗauke shi ma ba su aiko mana da wannan maganar ba."

Injiniya ya rikice. Ya ce ba haka yake nufi ba, suna ne kawai, suna a na'ura. Tsohon ya bar shi ya gama.

"Na san ƙarfe ne. Ban haukace ba. 'Yan'uwana sun dame ni a yi masa abin da ake yi wa wanda ya tafi. A kasuwa an fara ce masa marigayi. Duk ƙasar nan wannan abar kaɗai ta rage da ake kiran yaron nan ta amsa. Ban iya karatu ba, amma na san zanensa. In na gani sai in tafi gona."

Kande ta ce, ba ta dubi kowa ba, "Ni da baki ban taɓa kiransa ba. Da yatsa nake kira."

Na ja Injiniya waje. Na ce a canza kalmar sirri a bar sunan, wa zai sani?

Ya ce, "Baba Ilu, wayarsa tana ina?"

"Tana hannunsu."

"Sunan a ɗaure yake da wannan wayar. Da, in wani ya shiga da shi, sito ɗaya zai gani. Daga yau duk a haɗe suke. Zai ga ranar da mota za ta tashi daga Funtuwa, da abin da ta ɗauko, da inda za ta."

Ni ne nake cikin motar.

Ya ce, "Kuma duk abin da matar nan ta yi, na'ura cewa take shi ya yi. In buhu ya ɓace, a kansa za a ɗora. Ita kuma damina biyu tana aiki, a wurin Alhaji babu ita."

Gaskiya ya faɗa. Na so a ce ƙarya ce.

Na ce, "Ba wata hanya sai gogewa?"

Ya ce akwai. Ana gogewa, suna ya tafi kamar ba a taɓa yinsa ba. Ana kuma kullewa, suna yana nan a saba amma ba ya buɗe komai, sai ranar da aka buɗe shi. Sai dai Alhaji gogewa ya ce.

A wannan ƙauyen sai an hau dutse waya ke fita sosai. Muka hau. Injiniya ya yi bayani da ladabi, ina jin muryar Alhaji yana cewa shi ba ya son a fara ware wani, in an bar ɗaya gobe kowa ya kawo nasa. Na karɓi wayar.

"Alhaji, Ilu ne."

"Ina jinka."

"Takinka muka ɗauko ranar."

Har na zaci sabis ne ya ɗauke. Sannan ya ce, "A kulle. In Allah ya dawo da shi a buɗe. Matar a ba ta suna, a ba ta sito."

Muka sauko. Ni na faɗa wa tsohon, don Injiniya ya kasa. Na ce ba kashewa ba ce, kullewa ce, kamar ɗakin wanda ya yi tafiya.

Ya ce, "Gobe in ta kira, zai fito?"

"Ba zai fito ba."

"To."

Iyakar abin da ya ce ke nan.

Injiniya ya rubuta Kande a na'ura, ya ba ta izinin shigar da kaya da fitarwa. Ya ce ta zaɓi kalmar sirri tata, kada ta faɗa wa kowa, ko shi, ko Alhaji. Ya juya mata baya, haka ƙa'idarsu take. Ni ban juya ba, don ba wanda ke ɓoye wa jahili rubutu. Ban san haruffa ba, amma na san hanya in na gan ta sau ɗaya. Yatsanta ya bi inda ya bi da safe wajen kiran sunan mijinta, gida-gida. Na'ura ta ce bai isa ba, sai an ƙara lamba. Ta ƙara wani abu a ƙarshe, ta karɓa. A gilashi ba abin da ya fito sai ɗigo-ɗigo baƙaƙe.

Washegari kafin mu tafi tsohon ya zo ya zauna kan turminsa. Kande ta danna sabon suna, ta danna ɗigo-ɗigonta, na'ura ta buɗe. Rubutu ya fito a tsakiya, ba zanen da ya sani ba. Ya dube shi sosai, ya ɗauki hauya.

A hanyar dawowa Injiniya bai yi tambaya ko ɗaya ba har bayan Kafur. Ni na yi masa. Na ce kalmar da mutum ya zaɓa, tasa ce har abada? Ya ce a'a. Bayan 'yan watanni na'ura za ta tilasta kowa ya canza, kuma ba ta karɓar tsohuwar. Ya ce don tsaro ne. Na ce na ji.

A Funtuwa na ce ya nuna mini sunan Nomau. Ya kai ni ɗakin baya, sanyi kamar ba a garin ba. Ya buɗe jerin sunaye, ya sa yatsa a kan ɗaya. Yana nan cikin 'yan'uwansa, sai dai da wata 'yar kibiya a jikinsa mai duban ƙasa, alamar a kulle yake. Masu tambaya ko an ba ni suna, an ba ni. Yana buɗe wurin da ake rubuta fitar mota da dawowarta. Ban taɓa shiga ba, akawu ke yi mini.

Abin da ya hana ni ba da labarin nan tun farko, sirrin Kande ne a ciki. Da kaka na koma ƙauyen ɗaukar masara. Turmin yana nan, kaji sun ɓata shi. Na tambaye ta aiki, ta ce lafiya. Na ce na'ura fa?

"Ta ce in canza. Na gwada mayar da shi, ta ƙi. Na canza."

Na sami Baba Ciwake a masussuka. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi yaron Zariya mai takalmi ɗaya. Ya ce ya amsa wa 'yan'uwansa, in an gama shigar da hatsi za a yi abin da za a yi. Da zan tafi ya rako ni har bakin mota, abin da bai saba ba.

"Ka gaya wa yaron, in ya ga dama yanzu ya goge."

Na ce to.

Injiniya kan zo Funtuwa duk ƙarshen wata ya duba saba. Muna gaisawa, wani lokaci in kai shi tasha. Ban gaya masa ba, kuma na roƙi wanda ya karanta wannan kada ya rigaye ni. Sunan yana nan.